Yayana Ya Ce Rubutuna Tonon Asirin Gida Ne

Assalamu alaikum Malama, barka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ina roƙon a sakaya sunana, domin maganar ta shafi wanda muke ciki ɗaya da shi.

Ni tsohon malamin firamare ne a nan Bauchi. Na fito daga kwalejin horon malamai a daidai lokacin da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, na 1976 ya cika makarantu da yara, har wasu a gindin bishiya muke koyar da su. Na yi shekara 35 ɗin da doka ta yanka, na ajiye alli. Dokar 2022 da ta ƙara wa malamai wa'adi zuwa shekara 40 ba ta riske ni ba, ban kuma damu ba, gwiwa ta riga ta gaji da tsayuwa gaban allo.

Tun ina saurayi karatu ne abokin hirata. Ni ne mai karanta wa dattawan unguwa Gaskiya Ta Fi Kwabo a ƙofar masallaci bayan la'asar. Da na yi ritaya sai rubutu ya kama ni. In an idar da sallar asuba na gama lazimi, sai in shimfiɗa tabarma a zaure da biro da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, in ta zuba abin da idona ya gani: yadda muke bin ƙauyuka tare da yaran dagaci muna ɗaukar sunayen yara, yadda uwa za ta ɓoye ɗanta a rumbu don kada a kai shi boko, da darussan da zama da mutane ya koya mini. Littattafan sun cika wani tsohon akwatin ƙarfe. Wani ɗalibina na da, wanda Allah ya buɗa wa, ya ce shi zai ɗauki nauyin bugawa. 'Yata ta shigar da su kwamfuta, don murna ta tura wa dangi babi ɗaya ta WhatsApp. Daga nan ƙura ta tashi.

Babin kan farin 1973 ne, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira. Muna ƙauyenmu a ƙasar Misau, gero ya bushe a tsaye bai fid da kai ba. Na rubuta yadda muka koma kwaɗon tafasa da rama. Na rubuta yadda Inna, Allah ya jiƙanta, ta sauke kwanukan jerenta ɗaya bayan ɗaya ta sayar, da suka ƙare ta riƙa zuwa gidan wani mai hali tana yi musu surfe da daka, a sallame ta da tsaki da dusa, ta ƙunso a bakin zane ta shigo bayan magariba don kada maƙwabta su gani. Na rubuta yadda Yaya ya sayar da kekensa, ya tafi cirani Jos yana dako, don kada a cire ni daga makaranta. Wallahi Malama, da hawaye na rubuta babin nan, kuma don yabo na yi shi.

Yaya bai ɗauke shi haka ba. Ya doshi tamanin yanzu, shi ne uba gare mu. Ya aiko na je, ko ruwa bai bari na sha ba ya ce, "Abin da matar nan ta yi ta ɓoyewa tana raye, shi za ka baza wa duniya tana kabari?" Kuma yana da hujjar da ba zan raina ba: ɗansa na fari jikar gidan nan da Inna ta yi wa surfe yake aure. Ya ce ranar da aka samu saɓani, da littafina za a yi wa jikokinsa gori. Tun daga ranar, in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice.

Ni kuwa ban ga abin kunya a wurin macen da ta daka hatsin wani don 'ya'yanta su rayu ba. Jikokina suna ture tuwo su ce sai taliya, ba su san wadda ta riƙe gidan nan da taɓarya ba. Sa'o'ina da suka ga shekarar nan kullum raguwa suke. In aka cire babin, sauran littafin hirar tsohon malami ce kawai.

Uwargidana ta ce in sauya sunaye da gari in mai da shi ƙagaggen labari, tana tuna mini cewa Abubakar Tafawa Ɓalewa ma malamin makaranta ne a Bauchi lokacin da ya rubuta Shaihu Umar, labari ya tsara, bai jawo wa kowa magana ba. To amma duk ɗan ƙauyenmu da ya karanta shafi biyu zai gane gidan. Limaminmu kuma ya ce ba giba ba ce tunda alherinta na faɗa, sai dai zumunci yana gaba da littafi.

Malama, labarin Inna nawa ne ni kaɗai, ko sai da yardar duk wanda ta haifa? In cire babin in buga sauran, ko in ajiye shi a akwati in bar wa 'ya'yana wasiyya su fitar bayan ba mu? Ko akwai hanyar da zan bi in sake tunkarar Yaya ba tare da ya ga kamar ƙaninsa ɗan boko yana ja da shi ba? Ɗalibin nawa yana jiran amsa kafin ƙarshen wata, ni kuma na kasa ce masa komai.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naki,
Tsohon malami, daga Unguwar Jahun, Bauchi