Ba kowace mota ake juya wa taya gaba da baya ba

Assalamu alaikum, Edita.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana direbobi da masu faci, musamman mu da ke nan Legas inda motocin tokumbo suka cika titi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tuƙi a gidan wani Alhaji a Agege. Tun ina yaron mota aka koya mini cewa duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000 sai a juya taya, na gaba su koma baya, don su cinye tare. A Corolla da Camry haka ne, ba musu. Amma bara maigida ya sayi Marsandi C-Class, ita kuwa nata tsarin daban.

Da damina na kai ta wurin mai facin unguwarmu, yaron kirki, na ce ya juya mini, na wuce masallaci. Laifina ne, don ban duba ba. Tun a gida na fara jin wani gurzo idan na karya sitiyari ƙarshe. Washegari muna kan gadar Third Mainland, ruwa na zuba, Hajiya da jikokinta biyu a baya, na kauce wa wata danfo, wato bas ɗin haya, sai ƙugun motar ya yi wani lilo. Hajiya ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya, amma wallahi tafin hannuna ya jiƙe.

Wani dattijon bakanike a kasuwar kayan mota ta Ladipo ne ya durƙusa ya goge gefen tayar da babban yatsa, ya ce in karanta. Biyu 225/45 R17, biyu 245/40 R17. Lambar farko faɗin taya ce a milimita. Masu faɗin na baya ne, domin ƙafafun baya ke tura wannan mota, har rim ɗinsu ya fi faɗi. Tsayinsu kusan ɗaya, shi ya sa ido ba ya kamawa. Mu kuwa mun kai sirara inda ake buƙatar riƙo. BMW da yawa ma haka suke zuwa.

Irin wannan mota, abin da ya rage shi ne musanya hagu da dama, na gaba da na gaba, na baya da na baya. Shi ma da sharaɗi. Idan akwai kibiya a gefen tayar da kalmar Rotation, to hanya ɗaya aka yi mata ta juya; kafin ta koma ɗaya gefen sai an cire ta daga rim an sake ɗaurawa, in ba haka ba zanenta ba zai watsar da ruwa yadda ya kamata ba.

Masu faci, don Allah ku karanta lambar kafin ku sa jak. Galibi akwai takarda manne a bakin ƙofar direba mai nuna girman taya da iskar gaba da ta baya.

Na gaya wa Alhaji gaskiya: na baya za su riga cinyewa, bibbiyu za mu riƙa saye, kuma ramukan hanyar Apapa ba za su bar mu mu yi wasa da alaimen, wato saita ƙafafun mota, ba. Ya ce ya ji, in dai zan riƙa tsayawa a kan motar har a gama aiki.

Naka,
Wani direba, Agege, Legas.