Wasiƙa daga Agege: Kada Kuɗinka Su Riga Lauya Isa Wurin

Agege, Legas

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Yaya sanyin Kura? Direbobin da suka sauke mana kaya ran Talata sun ce tun daga Kwanar Gafan hazo ya rufe hanya. Mu nan zufa muke sha, kasuwa kuma sai godiya.

Saƙonka na murya a kan ɗanmu da mai gidan haya ke son kora a Ketu, da fulotin da ake maka talla, da tsoronka na lauyoyi ya iso, sau uku na saurare shi. Na ƙi in kira ka ne don maganar tana da tsawo, kuma ina so ka samu abin da za ka ajiye ka riƙa komawa kansa. Ni ba lauya ba ne, ka sani, tumatir nake sayarwa a kasuwar Mile 12. Amma shekara ashirin da ɗoriya a garin nan, na shiga caji ofis, na zauna a bencin kotu, na raka mutanenmu da yawa.

Bari in fara da maganar ɗanmu, don na san ita ce ta hana ka barci. Na je Ketu ran Laraba bayan la'asar, na ga ɗakin. Yaron yana da hankali, Allah Ya yi masa albarka, duk rasit ɗin da aka taɓa ba shi yana nan a ƙulle cikin leda. Kuɗin shekara yake biya, kuma saura wata huɗu su ƙare. Mai gidan da baki kawai ya zo, wai nan da sati biyu ya kwashe kayansa ko ya cire masa ƙofa. Da na bincika wurin maƙwabta, ashe wani ne ya taya ɗakin da kuɗin da ya fi.

Ka kwantar da hankalinka. Legas tana da dokar haya tun 2011. In babu wata yarjejeniya da ta yanka wa'adi dabam, mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai biyan wata uku ko wata shida a ba shi wata uku, mai biyan shekara kuwa wata shida cur. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi takardar kwana bakwai cewa za a kai shi ƙara. Daga nan alƙali ne kaɗai ke da ikon fitar da shi. Mai gidan da ya yaye kwano, ko ya cire ƙofa, ko ya turo ƙarti su watsar da kaya, shi ne ya yi laifi, kuma ana iya cin sa tara har naira 250,000 ko a ɗaure shi wata shida. An cire Ikoyi, Victoria Island, Apapa da GRA ta Ikeja daga dokar, amma Ketu tana ciki.

Wuri guda ne gabana ya ɗan faɗi. Na tambaye shi ko ya sa hannu a wata takarda ranar da ya shiga, ya ce e, ejan ya miƙo masa wata, ya sa hannu, ba a ba shi kwafi ba. To in takardar nan cewa ta yi hayar ta shekara ɗaya ce tak, daga rana kaza zuwa rana kaza, babu zancen wata shida. Ranar da ta ƙare takardar kwana bakwai kawai ta rage. Ko a hakan ma sati biyun nan ba shi da tushe, tunda kuɗin yaron ba su ƙare ba. Amma ka ga yadda ƴar takardar da bai karanta ba za ta iya cinye masa rabin shekara.

Ban ga dalilin shigar da ƙara yanzu ba. Shari'a mace ce mai ciki, kuma yaron da ke fita aiki tun asuba ba shi da ranakun da zai riƙa ɓatawa ana ɗage zama. Na roƙi wani dattijo cikin shugabanninmu na unguwar, wanda ke jin Yarabanci kamar an haife shi a nan, ya fara yi wa mai gidan magana. In bai ji ba, gwamnatin jiha tana da cibiyar sulhu da aka kafa da sunan CMC, tun 1999 take aiki, tana da rassa a unguwanni da dama, kuma ba a biyan ko kwabo. Su za su aika masa da takardar gayyata, a zauna, abin da aka amince a rubuta kowa ya sa hannu. Rigimar haya da yawa a nan take mutuwa.

Abin da na ja wa yaron kunne a kai shi ne kada ya ɗaga hannu, kada ya zagi kowa, kuma in aka kira masa ƴan sanda kada ya sa hannu a komai sai na zo da lauya. A nan nake so ka saurare ni da kyau, don ban taɓa ba ka labarin nan gaba ɗayansa ba.

Ka tuna shekarar da motarmu ta lalace a wajen Mokwa, ta kwana huɗu a hanya, kaya suka iso sun zama ruwa? Akwai wani da ya zuba kuɗinsa a lodin nan, da sharaɗin riba tare, asara tare. Da baki muka yi, a gaban mutum biyu, kamar yadda muka saba. Da asara ta zo sai ya ce shi bashi ya ba ni. Bai kai ni wurin shugabannin kasuwa ba, bai kai ni kotu ba, caji ofis ya tafi ya ce na damfare shi. Da magariba aka ɗauke ni daga rumfa. Aka ce in yi bayani, ina faɗa da guntun Turancina wani yana rubutawa, aka juyo da takardar aka ce in sa hannu. Kashegari aka kawo wata, wai alkawari ne cewa zan biya kuɗin duka cikin sati biyu, in na sa hannu in tafi gida. Aminina, na kwana biyu a tsaye cikin mutum fiye da yadda ɗakin zai ɗauka, uwargida tana da tsohon ciki, ba ta san inda nake ba. Na sa hannu. Wallahi da sun ce in rubuta ninkin kuɗin ma da na rubuta.

Sai bayan na fito, bayan ƴan'uwa sun yi karo-karo sun biya abin da aka kira kuɗin beli, sannan na je wurin lauya. Ya karanta takardun biyu ya yi shiru. Ya ce da a daren farko aka kira shi, maganar ba za ta wuce ta ciniki ba. Yanzu kuwa ga sa hannuna ina amsa bashin da ban ci ba. Ya ce ana iya ƙalubalantar takardar da aka sa mutum ya sa wa hannu yana tsare, amma warware ta ya fi ƙin sa hannun wuya nesa ba kusa ba. Shekara biyu takardar nan tana bi na, har na sayar da filin da Baba ya bar mini.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk haƙƙin da nake buƙata a daren nan yana nan a rubuce, ni ne ban sani ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Ya ce a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, kuma ina ne a cikin Legas babu kotu kusa? Beli a hannun ƴan sanda kyauta ne, har a bango suna liƙa hakan. Dokar ƴan sanda ta 2020 ta ƙara fito da abu biyu fili: ba a kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai, kuma ba a kama wani a madadin wani. Wato ba a ɗauke uba don an rasa ɗa, ko mata don miji ya gudu. Ba na ce maka kullum ana bin wannan ba. Amma na gani da idona, sau da yawa, yadda murya ke sauka da zarar lauya ya shigo ya ajiye katinsa a kan teburin ƴan sanda.

Shi mai bin bashi na gaskiya ma yana da hanyarsa. Tun 2018 aka buɗe kotunan ƙananan basuka a cikin kotunan majistare na Legas, ga bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba. Fom ake cikewa, mutum yana iya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba, kuma an tsara a gama cikin kwana 60. Sai dai kunya tana cutar mutanenmu a nan. Bashin ciniki in ya shekara shida ba ka kai ƙara ba, kotu na iya cewa lokaci ya wuce, ko da kowa ya san kuɗinka ne.

Yanzu maganar fulotin da aka turo maka hotonsa ta WhatsApp. Don girman Allah kada ka tura ko sisi, ko da sunan kafin alƙalami ne. Na san wanda ya kawo maka tallan ɗan garinmu ne, kuma ban ce maƙaryaci ba ne, mai yiwuwa shi ma abin da aka faɗa masa yake faɗa. Amma fili a nan ba kamar na gida ba ne, inda mai unguwa da dagaci suka san gonar kowa tun daga kakanni. Yawancin filayen bayan gari na dangi ne, waɗanda ake kira omo onile. Kafin ciniki ya tsaya da ƙafarsa sai shugaban dangin ya sayar tare da amincewar manyan gidan. In wasu samari daga cikinsu suka sayar maka ba da shi ba, ka sayi iska. Akwai fili guda da aka sayar wa mutum uku, kowa da rasit ɗinsa. Akwai wanda gwamnati ta riga ta karɓe tun da daɗewa, ka gina, wata rana katafila ta zo. Abin ya yi yawa har a 2016, zamanin Gwamna Ambode, aka yi doka musamman a kan masu ƙwacen filaye, amma doka ba ta dawo maka da kuɗin da ka riga ka miƙa cikin sauƙi.

Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, shi ke ba da takardar mallaka da kowa ke kira C of O, kuma ko mai ita ne ya sayar maka sai an nemi amincewar gwamna kafin cinikin ya cika. Aikin lauya a nan shi ne ya ɗauki taswirar filin ya kai ofishin babban safiyo a duba ko wurin yana cikin na gwamnati, ya je rajistar filaye a sakatariyar gwamnatin jiha da ke Alausa ya ga sunan wa ke kai, ko an jinginar da shi a banki, ya bincika ko ana shari'a a kansa. Sannan shi zai rubuta takardar cinikin, ba lauyan mai sayarwa ba. Wani abu kuma, ka tambaya da kyau ko filin a Legas yake. Wurare irin su Mowe, Ibafo da Sango Ota ana tallansu da sunan Legas, alhali a jihar Ogun suke, takardunsu a Abeokuta ake nema. Abin da lauya zai karɓa a wannan bincike bai kai komai ba in ka auna da kuɗin filin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In Allah Ya sa an saya, a rubuta sunanka cikakke kamar yadda yake a katinka na ɗan ƙasa, kada a ce a sa sunan wani don shi ne a kusa. Na ga marayu sun rasa gida a kan haka. Jihar Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati irin namu na gida. Malamai suna raba gado yadda Allah Ya ce, amma banki ba ya sakin kuɗin mamaci da maganar malam, sai an kawo takardar izinin kula da dukiya daga babbar kotu, ko da sunanka ne aka rubuta a matsayin makusanci.

Ka ce kana tsoron lauyoyi, wai in ka shiga hannunsu ba ka fita. Akwai na banza, ba na musu, kamar yadda akwai a cikinmu ƴan kasuwa. Ka guji masu tare mutane a ƙofar kotu suna cewa sun san alƙali. Lauyan gaske yana da ofis, yana manna hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA mai ɗauke da sunansa a takardun da ya rubuta, yana faɗa maka kuɗinsa tun farko, ya ba ka rasit. Wanda ya rantse maka cewa lallai za ka ci shari'a tun bai ga takardun abokin ƙararka ba, tashi ka ba shi wuri. Wanda ba shi da hali kuma ba a rufe masa ƙofa ba. Jihar tana da ofishin lauyoyi masu kare talaka kyauta, wanda aka kafa da sunan OPD tun shekarar 2000, ga kuma hukumar ba da agajin lauya ta tarayya. Ba sa tambayar ko kai ɗan wace jiha ne. Yaranmu nawa ne ke zaune a gidajen yarin Kirikiri da Ikoyi suna jiran shari'a a kan abin da bai taka kara ya karya ba, don kawai babu wanda ya san inda zai je ya yi magana a kansu? Wannan abu yana damuna ƙwarai, duk sanda na tuna.

Ran Litinin in Allah Ya kai mu zan bar yara a rumfa, in ɗauki ɗanmu mu je wurin ejan mu karɓo kwafin takardar nan, daga can mu wuce wurin lauyan da ya yi mini aiki ya duba ta. Kai kuma ka ce wa mai tallan fili ya turo taswirar wurin da kwafin duk takardar da yake da ita, ka turo mini. In ya fara cewa akwai wani da ke jira da kuɗi a hannu, ka ce masa ya sayar wa wancan.

Ka gaida Inna, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko a nema na samu, zan ba direban da zai taso ran Alhamis. Uwargida tana gaida maman yara. A sa mu a addu'a.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Agege