Wanda ya koma gida jinyar iyaye bai kamata ya rasa matsuguni ba

Assalamu alaikum Edita. Da fatan kana lafiya tare da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini. Ɗan fili nake roƙo in yi magana kan abin da ke samun ma'aikacin gwamnati ta fuskar gida idan ya nemi a mayar da shi kusa da danginsa.

Mu nan Gombe da Bauchi abin ya fi taɓa mu, don jiha ɗaya muke har zuwa 1996 da Abacha ya yanke Gombe, to sai ka ga uba ya yi ritaya ya dawo Kumo ko Dukku, ɗa kuma aiki ya riƙe shi a Bauchi ko Azare. Ana nan tsufa zai zo da kayansa, hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, kuma ai ba a jinya ta waya, dole wani ya tattara ya dawo.

To daga ranar da ka rubuta takardar neman taransifa da hannunka shi kenan, duk ofishin da ka shiga amsa ɗaya ce, ai kai ka nema. A dokokin aikin gwamnatin tarayya ma haka abin yake, wanda aka tura shi ne ke samun alawus ɗin sake matsuguni, wanda ya roƙa da kansa kuɗin mota kawai. Wallahi wannan ne ke ci min tuwo a ƙwarya, kamar mai komawa wanke mahaifiyarsa yawon buɗe ido zai tafi.

Wani abokin aikina, ba zan faɗi ma'aikatar ba, yana zaune a kwatas a Bauchi, tsohuwarsa ta faɗi a Gombe. Takardar canjin na fitowa notis ya biyo baya ya ba da makulli, a nan kuma aka ce babu kwatas sai dai ya shiga layi. Na je gaishe shi na tarar da kujerunsa da firij a shagon ƙaninsa an lulluɓe da buhu, shi da iyali da yara duk a ɗaki ɗaya cikin gidan gado a Jekadafari, katifa a jingine da bango sai dare a shimfiɗa. Mutum mai shekaru a bakin aiki fa.

Za a ce ai ana biyan kuɗin haya cikin albashi. Gaskiya ne, tun tsarin Obasanjo na 2003 aka mayar da irin waɗannan haƙƙoƙi kuɗi, aka sayar da gidajen gwamnati da yawa. Amma wanda ya san Gombe ya san yadda haya ta tashi tun da mutanen Borno da Yobe suka kwararo lokacin rikicin Boko Haram, ka je Tumfure ko Pantami ka tambaya, mai gida shekara guda cur yake so a hannu ga kuɗin dillali a kai, albashin kuma wata-wata yake zuwa.

Sai maganar asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, da aka kafa a 1992. Kashi 2.5 cikin ɗari ake cirewa daga albashi a tura bankin lamunin gidaje na tarayya, mutum na iya cin bashi da ruwan kashi 6 ya biya har tsawon shekara 30 (da yawanmu kam kuɗin ruwan ke hana mu kusantar sa, wannan wata magana ce daban), in bai ci ba kuma a mayar masa da abin da ya tara idan ya yi ritaya. Kuɗin nan na mutum ne, ba na kujerar da ya bari ba. Don haka 'yan uwa ma'aikata, duk mai barin wata ma'aikata zuwa wata ya riƙe lambarsa ta NHF, ya karɓi takardar abin da ya tara kafin ya tashi, kuma kar ya yarda a buɗe masa sabuwar lamba, in ba haka ba ranar ritaya sai a ce rabin shekarun ba a gan su ba.

Roƙona ga shugabannin ma'aikata na jihohin biyu da ƙungiyar ƙwadago shi ne a ware canjin da aka nema saboda jinya daga sauran. In mutum ya kawo takardar asibiti a bar shi a kwatas ɗinsa ko da wata uku ne ya samu inda zai zuba kaya, a ba shi bashin hayar shekara marar ruwa a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi, sannan shekarun da ya yi a layin neman gida su bi shi inda ya koma, kar a mayar da shi ƙarshen layi.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Daga mai karatunku,
wani ma'aikaci a Gombe