Gidan Howard na Ingila da maganar rubuta salsalar gidajen sarautarmu

Malam edita assalamu alaikum, ina gaida ku da aiki. Wani basarake na Ingila nake so in kawo ma masu karatu, Thomas Howard, Duke (babbar sarauta ce ta gado a can) na Norfolk na uku, an haife shi 1473 ya mutu 1554.

Kakansa John Howard a fagen yaƙin Bosworth ya mutu 1485 yana bayan sarki Richard na 3, gidan ya rasa sarauta, sai da uban Thomas ya ci yaƙin Flodden da mutanen Sikotland a 1513 sannan aka maido musu ita. To shi Thomas ɗin nan shi ne kawun Anne Boleyn don ɗiyar ƙanwarsa ce, kuma baffan Catherine Howard ɗiyar ƙanensa Edmund, su biyun duk sarki Henry na 8 ya aura kuma duk ya sa aka fille musu kai, Anne 1536, Catherine 1542. Abin da ya fi tsaya mini a rai wallahi shi Thomas da kansa ya jagoranci shari'ar Anne ya karanta mata hukuncin kisa, kawu guda fa! Ni ban ga sarautar da ta kai a yi mata haka ba.

Thomas ɗin bai tsira ba ma, ɗansa Henry mai sarautar Surrey an kashe shi Janairun 1547 saboda ya saka tambarin wani sarkin Ingila na da can mai suna Edward cikin na gidansu, shi ma Thomas hukuncin kisa na kansa sai sarki Henry ya riga shi mutuwa, ya zauna kurkukun Landan har Sarauniya Mary ta sake shi 1553. Jikansa kuma Sarauniya Elizabeth ta sa aka kashe 1572. Amma har yau gidan na riƙe da Norfolk, na 18 ɗinsu ne ya shirya naɗin sarki Charles a 2023.

Duk wannan a rubuce yake shi ya sa na iya lissafo shi. Mu nan Maradi yaro ya san sunan Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, ya san daga Katsina aka taso bayan jihadi, amma wa ya haifi wa, waɗanne mata suka haifi sarakunan, yawanci sai bakin maroƙa da tsofaffin fada, su kuma kullum raguwa suke. Don Allah ku buɗe shafi ko sau ɗaya a wata, ku tura wakili fada ya zauna da su ya rubuto har da ɓangaren uwa.

Naku mai karatu daga Maradi.