Mai lambu a lokacin zafi ya kula da suturarsa kamar yadda yake kula da shukarsa

Ya Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana masu lambu a bayan gida, musamman a wannan ƙarshen lokacin zafi da ƙasa ta sha rana har ta ƙoshi, shuka kuma ta fara nuna gajiya.

Na daɗe ina shuka tumatir da barkono da kabewa, kuma na lura cewa a irin wannan lokaci ne mutane suka fi yanke ƙauna daga lambunsu. Mutum zai ga tumatir ya yi fure ya zubar ba tare da ya yi 'ya'ya ba, sai ya ɗauka cuta ce ko ƙarancin taki. Sau da yawa zafi ne kawai. Idan zafin rana ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, dare kuma ya ƙi saukowa ƙasa da 21, garin da ke cikin furen yakan lalace, kuma ƙara takin zamani a busasshiyar ƙasa ba abin da zai jawo sai ƙonewar saiwa. Abin da shukar ke buƙata shi ne a ba ta ruwa da sassafe, a gindinta, har ya ratsa ƙasa sosai, sannan a rufe gindin da busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 8 domin lema ta daɗe. Ganyen kabewa kuwa yakan yanƙwane da rana tsaka ko da akwai ruwa a ƙasa, saboda haka a bari sai da safe a duba shi kafin a ce ƙishirwa ce.

To amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jikin mai lambun kansa. Ina baƙin ciki idan na ga mutum ya sunkuya yana cire ciyawa cikin matsattsiyar rigar yadin roba, gumi yana zuba a ciki ba ta inda iska za ta shiga. Zaren roba kusan ba ya shan ruwa, auduga da lilin kuwa suna tsotse gumi su bar iska ta wuce. Wannan ne ya sa na koma ɗinka kayan aikina da hannuna, kuma lokacin ɗinkin bai taɓa yi mini wahalar samu ba, domin tsakar rana da aikin lambu ba ya yiwuwa ita ce nake zama a inuwa da allura da zare.

Ba sai mutum ya ƙware ba. Ya fara wanke yadin ya shanya kafin ya sa masa almakashi, don auduga takan tsuke a wankin farko, kuma rigar da aka yanka daidai jiki sai ta matse daga baya. Ya yanka ta da faɗi, ya bar wuri a hammata domin ɗaga hannu, ya yi mata dogon hannu saboda rana da ƙaiƙayin ganyen kabewa, ya zaɓi launi mai haske. Ni nakan ninka ɗinkin kafaɗa da bakin aljihu, tun da nan ne riga ke fara yagewa, kuma nakan yi aljihun mai zurfi yadda zai ɗauki igiya da ƙullin iri.

Ragowar yadin ma ba na zubarwa. Siraran ƙyallaye sun fi waya taushi wajen ɗaure tumatir a jikin sanda, wani tsohon farin yadi da na yi wa kalmasa kuma shi ne yanzu nake ɗaurawa a kan sanduna huɗu ta ɓangaren yamma, yana yi wa barkonona inuwa daga azahar zuwa la'asar.

Na gode.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka