Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke sayar da kebul ɗin "USB zuwa FireWire"

Yallaɓai Manaja,

Bayan gaisuwa, na fito da maganar nan fili ne saboda sashenku na kula da masu saye ya daina amsa mini. Kebul ɗin da kuke tallatawa cewa yana kwaso bidiyo daga kyamarar MiniDV, mai ɗan ƙaramin kaset, zuwa kwamfuta ta ramin USB ba ya aiki, kuma ba zai taɓa yi ba.

Sana'ata juye wa mutane tsofaffin kaset zuwa filasha: biki, suna, saukar Alƙur'ani. Na haɗa kebul ɗinku, kaset yana tafiya, hoto tangaran a ɗan allon kyamara, amma kwamfuta ko alamar an jona mata wani abu ba ta nuna ba. Ma'aikacinku ya ce in goge kan da ke karanta kaset a cikin kyamara, daga baya ya ce in sake Windows, ƙarshe ya ɗora laifin a kan kaset, wai zafi ya lalata shi. To in kaset ne, hoton da nake gani daga ina yake fitowa?

FireWire, wato IEEE 1394, wanda Sony ke kira i.LINK, shi ne hanyar da irin wannan kyamara ke tura bidiyo zuwa kwamfuta, kuma tsarinsa daban ne da na USB. Kyamara tana turo bidiyon ne kai tsaye yayin da kaset ke juyawa, kimanin megabit 25 a daƙiƙa, wajen gigabait 13 a awa guda, kuma sai kwamfuta tana da rami ko katin 1394 kafin ta karɓa. Naku kuwa kai biyu kawai aka haɗa da waya, babu komai a tsakani. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne USB yana fitar da wuta volt 5, alhali ƙaramin ramin kyamara mai haƙora 4 ba a yi shi don karɓar wuta ba. In ya ƙone shi ke nan, don an daina ƙera irin waɗannan kyamarori, masu gyaransu ma sai an tona.

Da na sa katin FireWire na PCIe, irin wanda ake sakawa a cikin kwamfuta, a wata tsohuwar kwamfutar tebur, nan take ta gane kyamarar, kaset ɗin da aka ce ya lalace ya juyu daga farko har ƙarshe. Amma kafin nan ya sha kai da komowa a banza bisa shawararku, kuma shi kaɗai ne bidiyon da iyalan da suka kawo mini shi ke da shi na mahaifinsu, Allah ya jiƙansa.

Ina neman ku mayar mini da kuɗina, ku sauke tallan, ku kuma gaya wa waɗanda suka riga suka saya kada su jona shi. Mai laftop da ba ta da ramin FireWire, ku faɗa masa gaskiya: zai iya bi ta wayoyin AV, wato na sauti da hoto, da na'urar ɗauka ta USB, ya saita ta a PAL, tsarin hoton talabijin ɗin ƙasar nan, amma ingancin hoton zai ragu. In na ci gaba da jin shiru, zan kai takardar sayen da saƙonninmu hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.

Naku,
Wani mai juyar da kaset, Kano