Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Sha'awar Manhaja da Ɗaukar Hoto

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, manya da ƙanana.

A madadin kwamitin gudanarwa nake gabatar muku da wannan rahoto. Bayanin kuɗi yana wurin ma'aji, zai kawo shi daban. Nawa shi ne abin da muka yi da hannayenmu.

Kun san yadda ƙungiyar nan take tun farko. Wasu sun shigo ne saboda kyamara, wasu kuma saboda kwamfuta, kuma a zaman da muke yi kowane ɓangare ya kan ja kujerunsa gefe guda. A bana abu ɗaya ya haɗa mu, shi ne adana hotuna. Da muka tambayi juna inda kowa yake ajiye nasa, sai ya bayyana cewa yawancinmu kwafi ɗaya tak muke da shi, ko a waya, ko a memorin kyamara, ko a faifan kwamfutar da ta tsufa. Ranar da wannan na'ura ta mutu, aikin shekaru ya tafi ke nan. Wannan ne ya sa kwamiti ya ba lamarin kaso mafi girma na lokacinmu, kuma a ganina babu aikin da ya fi shi amfani cikin duk abin da muka yi.

Da sunayen fayiloli muka fara. Kyamara tana ba hoto suna irin IMG_0001, ta yi ta ƙirgawa har 9999, sannan ta koma farko. Wanda ya daɗe yana ɗauka zai tarar da hotuna daban-daban masu suna ɗaya, kuma in ya zuba su a jaka guda ba tare da lura ba, sabo zai iya danne tsoho. Amma kowane hoto yana ɗauke da bayanan Exif a cikinsa: ranar ɗauka, lokaci, irin kyamara da saitinta. Masu manhaja a cikinmu suka koya wa sauran yadda ake amfani da ExifTool, manhajar karantawa da gyara waɗannan bayanai, wanda Phil Harvey ya fitar a 2003 kuma yake kula da shi har yau, don a sauya sunan kowane fayil zuwa shekara, wata, rana da lokaci, a jere haka. In an bi wannan tsari, kwamfuta da kanta take jera hotunan bisa tarihi. Sai wata matsala ta ɓullo da ba mu zata ba: agogon kyamarori da yawa ba daidai yake ba, wasu tun ranar da aka saye su ba a saita su ba. Da muka haɗa hotunan fita ɗaya, sai ga na hantsi ya faɗo bayan na la'asar. ExifTool yana iya matsar da lokacin hotuna gaba ko baya gaba ɗaya, don haka an gyara. Tun daga nan muka mai da shi ƙa'ida: kafin a fara ɗauka, kowa ya ɗauki hoton agogon waya ɗaya, a san bambancin.

Daga nan matasanmu suka rubuta 'yar manhaja da harshen Python wadda take gano hotunan da aka kwafa sau biyu ko fiye. Ba ta duba suna, lissafin SHA-256 na abin da ke cikin fayil take yi, wato wata lamba mai kama da tambarin yatsan fayil, in biyu sun zo ɗaya to kwafi ne. Tana da iyaka, kuma ya kamata kowa ya sani: ko kalma ɗaya aka ƙara a bayanan hoton, lissafin ya canza, sai ta ɗauke shi a matsayin wani hoto daban. An yi muhawara kan ko a bar ta ta riƙa gogewa da kanta. Muka tsaya kan cewa ta kawo jeri kawai, mai hoto shi zai yanke hukunci. Na goyi bayan hakan da zuciya ɗaya, domin abin da aka goge bisa kuskure sau da yawa ba ya dawowa. Rubutun manhajar yana ajiye da Git, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara, duk mai son gyara ko ƙari ƙofa a buɗe take.

Game da ajiyar kanta, mun ɗauki tsarin 3-2-1 wanda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban da inda kake zaune. Masu Linux suna kwafa da rsync, manhajar da ke daidaita ajiya da asalin fayiloli. Ina ƙara jan kunne a nan kamar yadda aka yi a zaman: in ka umarci rsync ya goge duk abin da babu a asali, to kuskuren da ka yi yau zai bi ka har cikin ajiyar gobe. Kuma ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba, ba a san lafiyarta ba. Mun ware zama guda kowa ya ciro tsohon hoto daga ajiyarsa a gaban jama'a, kuma a nan ne wasu suka gano faifansu ya daɗe da daina karɓar sabon kwafi.

Darussan gyaran hoto sun ci gaba da darktable da GIMP, dukansu kyauta kuma masu buɗaɗɗen tushe. Fitowar GIMP 3.0 a watan Maris na 2025 ta sa mun sake duba wasu darussan. Abin da ya fi jan hankalin sababbin membobi shi ne bambancin JPEG da RAW, wato ɗanyen hoto yadda kyamara ta ɗauke shi kafin ta sarrafa. JPEG yana da mataki 256 na haske a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa yana da 16,384, shi ya sa ake iya ceto fuskar da ta faɗa inuwa ko gajimaren da ya yi fari fat. Wayoyi da dama ma yanzu suna ajiye RAW a tsarin DNG, saboda haka rashin babbar kyamara ba ya hana mutum shiga darasin. darktable ba ya taɓa asalin fayil, gyaran yana zama ne a wani ɗan fayil na XMP a gefensa, don haka in za a kwafa a kwafa su tare.

Har yanzu ba mu daidaita ba kan iyakar gyara. Dattawanmu suna ganin hoto shaida ne, a gyara haske da launi a tsaya. Wasu matasa suna ganin zane ne, mai shi yana da 'yancin cire abin da bai so. Ni ra'ayina, kowa ya yi yadda ya ga dama, amma wanda ya cire ko ya ƙara wani abu ya faɗa a ƙarƙashin hoton.

Mun fita ɗaukar hoto kamar yadda aka saba, amma fitar da aka fi magana a kanta ita ce ta daren farin wata. Kusan duk wanda ya bar kyamara ta zaɓa masa saiti ya samu farin dunƙule babu komai a ciki. Dalili shi ne kyamara tana ganin duhun sama sai ta buɗe wa haske ƙofa da yawa, alhali wata hasken rana ne yake mayarwa. Da aka koma saiti da hannu, ƙofar haske f/11, ƙarfin karɓar haske ISO 100, da tsawon ɗauka kusan 1/100 na daƙiƙa, sai ga ramuka da tabon fuskar wata sun fito sarai. Murnar yaran da suka zo tare da iyayensu a wannan dare ta isa dalilin sake shirya irinta.

Aikin Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar da muka haɗa wa kyamara, bai kammala ba. Nufinmu shi ne na'urar ta riƙa ɗaukar hoto duk bayan daƙiƙa 10, wato 360 a awa ɗaya, a haɗa su da manhajar FFmpeg su zama bidiyon daƙiƙa 15 in ana nuna 24 a daƙiƙa. Ɗaukar tana tafiya, amma in wuta ta yanke ana cikin rubutu sai memorin ya lalace. Ana gwada batirin tallafi da kuma hanyar kashe na'urar cikin tsari.

Wasu membobi sun fara ɗora hotunansu a Wikimedia Commons, rumbun hotuna na intanet da kowa zai iya amfani da su, ƙarƙashin lasisin CC BY-SA. Mun ƙarfafa hakan, tare da bayyana cewa lasisin ba ya janyuwa: kowa zai iya amfani da hoton, har da kasuwanci, muddin ya ambaci mai shi kuma ya saki nasa aikin bisa sharaɗi iri ɗaya. Mun kuma amince da ƙa'idoji biyu kan duk abin da za a wallafa da sunan ƙungiya. Ba a sa fuskar mutum sai da izininsa, yaro kuwa sai da izinin iyayensa. Sannan a cire bayanin GPS daga hoton da aka ɗauka a gida, domin waya tana iya rubuta daidai inda aka tsaya a cikin fayil.

A shekara mai zuwa kwamiti yana ba da shawarar a ƙarasa aikin Raspberry Pi, a rubuta darussanmu da Hausa don waɗanda ba su samu halarta ba, a kuma yi jerin kalmomin alama guda ɗaya da kowa zai riƙa sa wa hotunansa a digiKam, manhajar tsara hotuna, da ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, don bincike ya riƙa kawo abin da ake nema. Muna neman masu sa kai biyu, ɗaya daga masu kyamara ɗaya daga masu manhaja, su jagoranci wannan na ƙarshe. Mai sha'awa ya sanar da kwamiti kafin babban taro, kuma kowa ya zo da faifan ajiyarsa, za a sake gwajin dawo da hotuna a ranar.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa